Layin ƙarshe na "case": darasin da na ɗauko a Kasuwar Shanun Potiskum

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta da duk wanda aka ɗora wa kwas ɗin rubuta manhaja a wannan semista. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi a hankali.

Akwai wani darasi da yawancinmu muke ɗauka na cin maki ne kawai, a haddace a zuba a jarrabawa a wuce. Ina nufin "case". A yaren C ko Java da aka fara koya mana, "switch" tambaya ɗaya yake yi: abin nan daidai yake da wancan? In 1 ne yi kaza, in 2 ne yi kaza. Amma a Bash, yaren da ake ba Linux umarni da shi, "case" kama yake nema. Kai za ka zana masa siffa, shi kuma ya duba ko rubutun da ya shigo ya hau kanta. Alamar tauraro tana nufin ko mene ne, komai tsawonsa, har da babu komai. Alamar tambaya tana nufin harafi ɗaya, ko wanne. In ka sa haruffa cikin baka mai kusurwa, kamar [dɗ], to ɗaya daga cikinsu kake nufi.

Abin ya tsufa fiye da lakcarorinmu da yawa. Stephen Bourne ne ya sa shi a shel ɗin da ya rubuta a Bell Labs a Amurka, wanda ya fito da Unix bugu na 7 a 1979. Kalmar "esac" da ake rufewa da ita "case" ce aka rubuta ta baya. Bash ya gaje shi a 1989. Shi kuwa Python ya yi shekara talatin ba shi da irin wannan, sai a bugu na 3.10 da ya fito a Oktoban 2021 aka kawo "match" da "case".

Doka biyu ce ke riƙe da abin gaba ɗaya. Ta farko: daga sama ake dubawa zuwa ƙasa, siffar da ta fara dacewa ita ta ci, sauran ko kallonsu ba za a yi ba. Ta biyu: in babu siffar da ta dace, kuma ba ka tanadi layin ƙarshe mai kama sauran ba, kwamfuta shiru za ta yi ta wuce. A Bash ma sifili za ta mayar maka, wato alamar komai ya tafi lafiya. Waɗannan dokoki biyu a allo ba su da nauyi. A kasuwar shanu na ga nauyinsu.

Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, gida na koma Potiskum. Wanda bai taɓa shiga kasuwar shanunmu ranar Laraba ba, ba zai gane abin da ake nufi in an ce tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma ba. Tun asuba ƙura ta tashi, shanu daga Yobe da Borno da maƙwabta har da ƙetaren iyaka, tireloli a jere suna jiran lodi zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal. Hausa a nan, Fulatanci a can, ga Bolanci da Karekare da Ngizim da Kanuri, ga Yarbawa da Inyamurai 'yan sari suna ciniki da Hausarsu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillali ne a ciki. Makiyayi ya kawo dabba ya damƙa masa, shi ya nemo mai saye, ya tsaya a ciniki, ya karɓi kuɗi ya miƙa wa mai ita, ya ɗauki la'adarsa. Ba shi da shago, ba shi da garke. Jarinsa kaf shi ne a ce maganarsa ɗaya ce kuma lissafinsa ba ya tashi.

Da ya ga ina zaman banza sai ya ce, "Kai ɗan boko, taso mu je ka riƙe min littafi, ko ka rage wa uwarka cin tuwo."

Makonnin farko kallo kawai nake yi. Abin da na lura shi ne Kawu ba ya fara duba dabba ta inda baƙo zai fara. Baƙo girma yake gani ya tambayi kuɗi. Kawu tambayarsa ta farko ita ce: ta wa ce, wa ya kawo ta, wa ya san shi? Sai ya duba tsagar kunne ko tambarin da ke jiki. Sai lafiya: hanci, ido, baki, kofato, tafiya. Sai ya buɗe baki ya ƙirga haƙoran gaba na ƙasa, don shanu ba su da haƙoran gaba a sama. In biyu ne manya suka fito, dabba ta kai wajen shekara biyu, in takwas ɗin sun cika ta kai wajen biyar. Bayan nan ne zai zo kan iri: Bunaji fari mai baƙin kunne, Rahaji ja mai dogon ƙaho, Bokoloji na ƙasar Sakkwato mai guntun ƙaho, Wadara na Shuwa, ko Kuri na tafkin Chadi mai kumburarren ƙaho. Kuɗi shi ne ƙarshe.

Na tambaye shi me ya sa kullum jerin ɗaya ne. Ya ce, "In ka fara da kuɗi, ɗana, idonka ya rufe. Sa na sata ma yana da tozo." In kuwa dabba ta zo da abin da bai gane ba, mai ita baƙo ne ba wanda ya tsaya masa, ko tambarin kamar an taɓa shi, ba ya cewa a sayar, ba ya kuma cewa ɓarawo ne. Cewa yake a ɗaure ta gefe a kira shugabannin kasuwa. A ranar na ce a raina, ai wannan "case" ne tsaf, har da layinsa na ƙarshe.

Aikin da aka ba ni shi ne lissafi. Kawu yana da yaro mai bin sa, duk cinikin da aka sallama sai ya rubuta layi ɗaya a waya ya tura min ta WhatsApp. Misali "sa bunaji 420", wato naira dubu 420, ko "karsana 2 310". Da yamma sai a zauna a tattara: kai nawa aka sayar, na wa da na wa, nawa za a ba kowane makiyayi, nawa ne la'ada, kai nawa ya kamata a gani a bakin mota. Da biro da kalkuleta akan kai bayan isha, makiyaya na zaune a tabarma suna jira, wasu da tafiyar dare a gabansu. Sai na sa Termux a wayata, manhajar da ke ba ka Linux a cikin Android, na rubuta 'yar gajeriyar manhaja da za ta karanta layukan ta rarraba su. Ga zuciyarta:

case "$layi" in
*"an fasa"*) cire_daga_lissafi ;;
"saniya da "[dɗ]*) kai=2 ;;
saniya*|karsana*) mace ;;
"sa "*|bijimi*) namiji ;;
mara[kƙ]i*) karami ;;
*) ajiye_wa_kawu ;;
esac

Ku duba jerin da kyau, don kowane layi akwai dalilin zamansa a inda yake.

"An fasa" ya hau sama da kowa saboda layi kamar "sa rahaji 500 an fasa" ya dace da siffar sa ma. Da siffar sa ce a sama, da an ƙirga cinikin da ba a yi ba, a nemi dubu 500 a aljihun Kawu a rasa.

"Saniya da ɗanta" ta riga "saniya" saboda kuɗi ɗaya ake yi musu amma kai biyu ne. In siffar saniya ta fara kamawa, takarda za ta ce kai 19, a bakin tirela a ƙirga 20. Ƙarin kai ɗaya a mota ba riba ba ce a kasuwar shanu, tambaya ce: wannan maraƙin na wa ne, ta ina ya shigo? Ƙa'idar dai ita ce keɓaɓɓe a sama, gama-gari a ƙasa.

Sai tarkon da Bahaushe ne kawai zai faɗa. In ka rubuta sa da tauraro manne, ba tazara, ka ce duk abin da ya fara da harafin s da a. To "saniya" da me ta fara? Haka "sallama", haka "saura", haka "sabo". Tazara ɗaya tak bayan "sa" ita ta raba namiji da mace. Littattafan da muke karantawa ba za su gaya maka wannan ba, don misalansu da Turanci suke.

Haka ma [dɗ] da [kƙ]. Yaron Kawu wani lokaci ya rubuta "maraƙi", wani lokaci "maraki", ya danganta da saurin da yake ciki. Ga waya kuma tana mayar da harafin farko babba da kanta, shi ya sa tun kafin a shiga "case" nake mayar da komai ƙananan baƙaƙe. Mutum a tsakiyar ƙura, igiya a hannu ɗaya waya a ɗaya, ba za ka ce ya rubuta maka kamar mai cike fom ba. Manhajar ce za ta bi shi.

Yanzu ga layin da ya sa na yi wannan rubutun: tauraro shi kaɗai, na ƙarshe. Duk abin da bai yi kama da komai ba nan yake faɗawa. Da yawanmu a dakin gwaji ko dai mu bar shi, ko mu sa shi fanko don malam ya ga mun sa. Ni abin da na sa ya yi shi ne abin da Kawu ke yi wa dabbar da bai gane ba: ya ɗaure layin gefe, ya buga shi da manyan baƙaƙe, kuma ya ƙi fitar da jimilla har sai mutum ya duba ya ce ga matsayinsa.

Wata Laraba ana dab da babbar sallah, kasuwa ta cika har ba wurin sa ƙafa, layuka sun haura sittin. Da na kunna manhajar da yamma sai ta tsaya, ta ce akwai layi uku da ba ta gane ba. Biyu kuskuren yatsa ne. Na ukun cewa ya yi: "dattijon makon jiya ragowar 80". Babu sa, babu saniya, babu komai da ya yi kama da ciniki. Na karanta wa Kawu. Ya yi shiru kaɗan, sai ya dafa kai ya ce, "Inna lillahi. Kuɗin bawan Allah nan ne." Ashe makon da ya wuce wani mai saye ya bar cikon dubu 80 na wani dattijo Bafulatani, ranar ya kawo ya ba yaron Kawu a tsakiyar hayaniya, yaron ya haɗa da sauran kuɗin ya rubuta yadda ya zo masa a baki. Dattijon kuwa yana can ƙarshen tabarma a zaune tun la'asar, kunya ta hana shi tambaya.

Ku yi tunanin da layin ƙarshen nan babu shi. Manhaja za ta wuce shiru, ta fitar da jimilla mai kyau, ta ce komai lafiya. Za a ga rarar dubu 80 a jaka ba a san ta wa ba, ko ta narke cikin kuɗin wani. Dattijo ya koma ruga ya ce dillalin nan ya cinye masa ciko. Mai saye ya rantse ya bayar. Kan wa za ta ƙare? Kan yaron da ya karɓa, wanda ba shi da kowa a kasuwar sai Kawu. Daga nan har rugage goma sun ji labari, shekara ashirin na amana ta zube saboda layi ɗaya da ɗan jami'a ya ga ba shi da maki.

Kawu ya ƙirga kuɗin ya kai masa da kansa, ya ce, "Baffa, a gafarce mu, mun barka a zaune." Dattijon ya ce ba komai, ai ya san kuɗinsa na hannun mutum.

Daga baya na sake rubuta abin da Python, don "match" ɗinsa ya fi ƙarfi: yana duba ƙirar bayani gaba ɗaya, ba haruffa kawai ba. Kana raba layi kalma-kalma, ka ce in kalma uku ce, ta farko "sa", to ta biyu iri ce ta uku kuɗi, ya ciro maka su nan take. Kana iya ƙara sharaɗi da "if" a gaban siffar, misali kuɗin ya zama lamba. Layin ƙarshensa "case _" ne. Wani abin da ya burge ni: in ka sa shi a sama, Python ƙin tashi yake yi, ya ce ka toshe hanyar siffofin da ke ƙasa. Bash ba ruwansa, zai bar tauraro ya haɗiye komai. Amma in ka bar layin gaba ɗaya, su biyun halinsu ɗaya, shiru.

Akwai kuma iyakar da siffa ba ta tsallakewa, ita ma a kasuwar na gan ta. Farkon 2023, lokacin canjin takardun naira da kuɗi suka ɓace a hannun mutane, an rufe jami'o'i saboda zaɓe, na sake samun 'yan Laraba a gida. Kasuwar da ta saba da kuɗi a buhu ta koma tiransifa dole. Makiyayan da ba su da asusu suna karɓa ta hannun dillali ko mai POS. Kawu ya ce in sa manhajar ta riƙa tattara masa saƙonnin alat. Wannan abu ne mai sauƙi, don saƙon banki ƙirarsa ɗaya ce kullum: alamar shigar kuɗi, adadi, ƙarshen lambar asusu, kwanan wata. Sai dai reshen da ya kama irin wannan saƙon ban sa masa suna "kuɗi sun shigo" ba. Na sa masa "mai kama da alat, a duba asusu". Dalili kuwa duk wanda ya taɓa ganin alat zai iya rubuta irinsa, har sunan mai turowa ana iya yin na bogi.

Ranar da wani mai saye ya sallama shanu uku ya ce ya tura, saƙo ya shigo wayar Kawu, ya hau siffar ɗari bisa ɗari. Muka shiga asusu, babu ko kwabo. Mutumin ya ce matsalar sabis ce, a bar shi ya yi lodi mota na jira. Lokacin kuwa da gaske tiransifa na yin jinkiri, don haka ba wanda zai iya rantsewa ƙarya yake. Kawu bai zage shi ba, bai kira shi macuci ba. Ya ce, "Alhaji, shanunka ne, ga su nan a ɗaure. Kuɗi na sauka ka kwance." Mutumin ya ce bari ya je ya dawo. Har aka tashi kasuwa ba mu sake ganinsa ba.

To 'yan uwa, me ya kawo wannan dogon labari shafin ɗalibai? Saboda mu ne gobe za mu rubuta manhajojin da mutanenmu za su yi rajista da su, kuma mun riga mun ɗanɗani na waɗanda ba su yi tunaninmu ba. Wa bai san wata Sa'adatu ko wani Mu'azu ko Isma'il da fotal ya ce sunansa ba daidai ba ne? Abin da ya faru shi ne wani ya zana siffar suna ya ce haruffan A zuwa Z kawai, bai san akwai sunaye masu ɗauri a tsakiya ba, balle ɗ da ƙ da ɓ. Sai a cire alamar a wuri ɗaya a bar ta a wani, daga baya a ce takardunka ba su dace da juna ba, ka kama zirga-zirga tsakanin ofisoshi da kotu neman takardar rantsuwa. Haka lambar waya: ka ce dole lamba 11 mai farawa da 070 ko 080 ko 081 ko 090 ko 091, ka manta da mai rubuta +234, ka manta da ɗan Nijar mai +227 da lamba 8, da ɗan Chadi mai +235, da ɗan Kamaru mai +237. A kasuwa irin ta Potiskum waɗannan ba baƙi ba ne, abokan ciniki ne.

Wanda ya rubuta irin wannan fotal ba mugu ba ne. Ya gwada da sunansa da na abokansa ya ga ya yi aiki, layinsa na ƙarshe kuma ya ce "ba daidai ba" ya rufe ƙofa, bai bar hanyar da mutum zai duba ba. Mu ma haka muke yi a furojet: mu gwada da bayani biyar masu tsabta da mu muka ƙirƙira, mu je difens a tafa mana.

Shawarata ga duk mai furojet ko asamen a hannu guda huɗu ce. Kafin ka zana siffa ko ɗaya, je ka samo bayanan gaske daga masu abin, layi ɗari yadda suka rubuta da hannunsu, da kurakuransu. Ka jera siffofinka ka tambayi kowacce: akwai ta sama da za ta riga ta kamawa? Ka rubuta layin ƙarshe tun farko, ka sa ya yi magana da ƙarfi, ya ajiye abin da bai gane ba inda mutum zai gani, kada ya jefar kuma kada ya yi hasashe. Sannan duk inda kuɗi ko haƙƙin wani ya shiga, kama ba ta isa hujja ba, a nemi tabbaci daga tushe.

Wanda ba shi da laftof kada ya ce an bar shi a baya. Termux kyauta ne, Bash na ciki, Python ma ana sakawa. Ka karɓi littafin bashin mai shagon unguwarku, ko jerin sunayen 'yan ajinku, ka gwada rarraba shi da "case" a daren nan. Abin da zai faɗa layin ƙarshe shi zai koya maka abin da handawut bai faɗa ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba masu jarrabawa sa'a, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani da sani ko da rashin sani.